Abin da Tsuntsayen Dajin Amurum Suka Koya Mini

Tsuntsun kurmi ba ya tsayawa a kalle shi. Ganye ya yi duhu, shi kuma ɗan mitsitsi ne, kafin ka ɗora madubin hangen nesa a ido ya shige. Shi ya sa abin da aka fara hora mu a kansa a dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a gabashin Jos, shi ne saurare. A nan cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000. Dajin bai wuce kimanin hekta 300 ba, amma an ƙidaya nau'in tsuntsaye wajen 300 a cikinsa. Da asuba muke fita, mu tsaya wuri guda shiru, kowa ya rubuta abin da kunnensa ya kama. Suda ba ta da wuyar ganewa, kowa ya san surutunta tun yana yaro. Wahalar tana wajen wani mai jan ciki da farin kambu a ka, wanda ke laɓewa a ƙasan kurmi yana kwaikwayon kukan wasu. Sai ka rubuta tsuntsu uku, alhali shi kaɗai ne.

Kunnen ma bai wadatar ba sai ka san inda kake tsaye. Amurum kashi uku ne: duwatsu masu sarƙaƙƙiya, filin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi, da siririn kurmi da ke bin bakin rafi. Kowanne da mazaunansa. Idan ka san wurin da lokacin shekara, ka riga ka rage rabin waɗanda za ka yi zato.

Labarin da ya fi zauna mini a rai na wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne. Ɗaya baƙi ne mai sheƙi, masana na kiransa Vidua maryae. Macensa ba ta saƙa sheƙa, sai ta je ta saka ƙwanta a sheƙar wani, a ƙyanƙyashe mata, a ciyar mata. Ɗan da ya tashi a gidan riƙo yakan koyi waƙar uban riƙonsa, idan ya girma ya riƙa rera ta, macen da ta tashi a irin wannan gida kuma mai wannan waƙar take bi. Har zanen da ke cikin bakin ɗan ya yi kama da na 'ya'yan masu gida, don kada a ƙi ba shi abinci. Wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya lura cewa waƙar da baƙin tsuntsun ke kwaikwayo ba ta dace da ta kowane tsuntsu da aka sani ba. Ya bi diddigi har aka gane mai waƙar na asali, ɗan ja mai zama cikin duwatsu, dangin ɗan jan nan da ke tsintar tsaba a tsakar gidajenmu. A 1998 aka bayyana shi a matsayin sabon nau'i, da sunan Lagonosticta sanguinodorsalis. Wato an ji shi a bakin wani kafin a tantance shi da ido. Tun da na san haka na daina ɗaukar tsuntsu a matsayin suna guda a cikin jeri. Baƙin ba zai haihu ba sai jan ya yi sheƙa, jan kuma yana bukatar 'ya'yan ciyawa da ruwan da ke saura a kurmi lokacin rani.

Batun abinci kuwa, a wajen raga na koye shi. Ana kafa raga mai laushi, a ciro tsuntsu a hankali, a auna fiffike da nauyi, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Baki shi ne shaida ta farko: gajere mai kauri na masu fasa tsaba ne, siriri miƙaƙƙe na masu cin ƙwari, dogo lanƙwasasshe irin na sha-kauci na masu zuƙar ruwan fure. Amma jakar da aka ajiye tsuntsun a ciki ta fi bakin faɗar gaskiya, domin kashin da ya bari a nan ne ake dubawa. A ciki za ka tarar da ƙwayoyin ɓaure, da fikafikan gara, da 'ya'yan lantana, baƙuwar shukar nan da ke mamaye gefen daji. Wannan ya dame ni ƙwarai. Tsuntsun da ke shuka mana ɓaure shi ne kuma ke yaɗa abin da ke shaƙe ƙananan itatuwan ƙasar, kuma ba laifinsa ba ne, abin da ya samu yake ci.

Akwai baƙi ma. Wasu ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa suna zuwa daga Turai bayan damina, su tara kitse a nan wajen Maris da Afrilu, sannan su tsallaka Sahara su koma. Idan ka hura gashin ƙirjinsu za ka ga kitsen rawaya a ƙarƙashin fata.

Abin da nake ganin mutane ba sa lura da shi shi ne, ba maharbi ne babban mai kashe waɗannan tsuntsaye ba. Gatari ne, da gobarar daji, da noma har bakin rafi. Kurmin Amurum a wasu wurare 'yan taku ne faɗinsa. Idan aka sare manyan itatuwan da ke yi wa rafin inuwa, ruwan rani kan ƙafe da wuri, masu cin 'ya'yan itace su ƙaura, sabon tsiro ya ragu tunda babu mai kawo iri. Ban ga laifin matar da ke neman itacen girki ba, iyalinta sai sun ci. Amma Amurum ya tsira ne saboda mutanen Laminga sun daɗe suna kiyaye shi tun kafin masu bincike su zo, kuma yawancin kurmin da ke bakin rafukanmu na Arewa ba su da mai tsaya musu haka.