Laraba: faifai ɗaya, tsari uku

Damagaram, bayan isha'i.

Yinin yau ya tafi a kan kwamfutar tebur ta gidan Yaya a Birni. An sa mata sabon faifan ajiya mai tera 1, ana so Windows da Linux Mint, manyan manhajoji biyu masu tafiyar da kwamfuta, su zauna a kai tare, hotunan biki da karatun yara kuma su samu wuri guda da kowannensu zai iya buɗewa. Tun a zaure ya tare ni: "Ƙanena, wane tsari za a yi masa?" Yana nufin tsarin jera fayiloli a kan faifai. Na ce, "Yaya, uku za a yi: FAT32, NTFS da ext4."

Na fara duba lafiyar faifan da wata manhaja mai suna smartctl. Layi biyu nake kallo, na 5 da na 197, masu ƙirga gurabun da suka lalace da waɗanda ke shirin lalacewa. Duka sifili ne. Na shimfiɗa GPT, wato teburin raba faifai yanki-yanki, na yanka shi huɗu: mega 512 na FAT32 don tayar da na'ura, saboda EFI, manhajar da ke fara tashi in an kunna na'ura, shi yake karantawa, giga 200 na NTFS ga Windows, wanda ba ya yarda a girka shi a kan wani tsarin, giga 100 na ext4 ga Linux. Saura wajen giga 630. Jimillar ta nuna 931 maimakon 1000, Yaya ya ɗauka an cuce shi. Masu ƙera faifai da dubu suke ƙirge, Windows da 1024, tazarar ke nan.

Gardamar a kan ragowar nan ta tashi. Babban ɗansa ya ce, "Baba, a yi exFAT mana, kowace na'ura tana karanta shi." Gaskiyarsa: Windows da Mac suna rubutu a kai, Linux ma tun 2019 ya shigar da shi cikin ƙwaryarsa, wato ainihin gindin manhajar. Amma na ƙi, dalilina kuwa wuta ne. exFAT ba shi da rajista. NTFS da ext4, kafin su taɓa jerin fayiloli, sai sun rubuta abin da za su yi a wani ɗan littafi nasu, kamar ɗan kasuwar da ba ya fitar da buhu daga sito sai ya sa a takarda. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, da an kunna sai su duba littafin, su ƙarasa ko su janye, cikin daƙiƙu. exFAT kuwa in aka katse shi yana cikin gyara teburinsa, folda guda tana iya ɓacewa, chkdsk, manhajar Windows ta gyaran faifai, ya tattaro ta gutsure-gutsure ba suna. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, musamman da bazara, ban yarda a ɗora ajiyar gida a kansa ba. Muna cikin maganar da azahar aka ɗauke ta.

Na dai gaya musu iyakar rajistar, don kar a dogara da ita fiye da ƙima. Tsarin faifan take karewa. Takardar da kake cikin rubutawa ba ka adana ba, ta tafi. Maganin wannan akwatin batir ne mai riƙe wuta ƴan mintoci har a kashe na'ura yadda ya kamata.

Akwai kuma batun awo. exFAT a faifan da ya wuce giga 32 yana raba wuri ne gurbi-gurbi na kilobait (kilo) 128-128, NTFS kilo 4-4. Fayil mai kilo 2 sai ya cinye gurbi sukutum, kamar a auna cokalin gero a hana tiya ɗaukar wani abu. Ga bidiyo ba komai, ga dubban ƙananan takardun makaranta asara ce. NTFS muka yi.

Bayan la'asar wuta ta dawo, aka gama girkawa, sai tarkon da nake jira ya kama. Linux ya ga yankin giga 630, yana karantawa, ya ƙi rubutu. Tun daga Windows 8, in ka ce ya mutu ba ya mutuwa duka, kwanciya yake yi ya bar faifan a riƙe don ya tashi da sauri. A namu na Faransanci sunansa Démarrage rapide. Linux yana ƙin rubutu ne da gangan, don in ya rubuta, Windows ya farka da tsohon lissafi, fayiloli su cakuɗe. Kar a tilasta shi. A koma Windows, a buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa, a buga powercfg /h off, a kashe, a kunna. Nan take ya saki.

ext4 yana ware kashi 5 cikin 100 ga mai gudanarwa. A kan giga 100 giga 5 ne, na bar shi, domin shi ke hana na'ura sandarewa ranar da faifai ya cika. Da faifan ajiya zalla ne da na rage shi zuwa kashi 1 da umarnin tune2fs -m 1. btrfs, wani tsarin na Linux, ya zo min a rai saboda yana gano fayil da ya ruɓe, amma in ya samu matsala mai gyara shi a nan kusa zai yi wuya.

Dab da magariba matar Yaya ta kawo filas: bidiyon biki mai giga 6 ya ƙi shiga, alhali akwai wurin giga 20. Tsarin filas ɗin FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Talabijin ɗinsu tsohuwa ce, shi kaɗai take gani, don haka na bar filas ɗin yadda yake, na raba bidiyon biyu. Na ce, "Anti, in na farko ya ƙare ki danna na biyu."

Gobe sai faifan waje na kwafi. Shi ma NTFS zan yi masa, kuma a cire shi daga wuta da zarar an gama kwafa. Fankar na'urar ta cika da ƙura, zan tafi da buroshi.