Daga Fadar Bauchi Zuwa Ruwan Wikki a Kwana Biyu da Rabi

Abin da ke ɓata wa mutane wannan tafiya shi ne haɗama. Sai a ce za a ga fadar sarki, a ga kabarin Tafawa Ɓalewa, a leƙa Yankari, a dawo gida a wuni ɗaya. Wanda ya yi haka mota kawai ya sha. Yankari wurin kwana ne, domin dabbobin dawa da sanyin safiya da na yamma suke fitowa, da rana ta take sai su shige inuwa. Saboda haka a gina tafiyar a kan kwanan Asabar a sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin Yankari kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, sauran wurare su biyo baya.

A fara ranar Juma'a a cikin garin Bauchi, garin da Malam Yakubu, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa wajen 1809. A yi sallar Juma'a a babban masallacin da ke kusa da fada, nan ne za a ga dogarai da dawakai da taron jama'a. Fada gidan mulki ce har yau, ba a kutsa kai cikinta. A yi sallama ga fadawa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a cire takalmi inda aka ce a cire, kada kuma a ɗaga waya a ɗauki hoto sai an nemi izini. Daga nan a wuce kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. An buɗe ginin a 1979. Ana bi ta wani lungu mai duhu kafin a fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe ba rufi. A je tun da sauran rana, don hasken da ke sauka ta saman nan shi ne rabin kyawun wurin. Idan lokaci ya rage, a zaga ta Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti a ga inda tsohuwar ganuwa ta bi.

Ranar Asabar, bayan sallar asuba, a kama hanyar Ningi zuwa Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, tafiyar kimanin kilomita 45. Nan ne Gidan Madaki yake, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. An sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Yawancin baƙi bango suke kallo su fita, alhali gwanintar tana sama. A ɗaga kai a dubi bakan gizon da ke riƙe da rufin: azarar giginya ce aka jera, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa, har soro mai faɗi ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiya. Gara ba ta cin azara da sauƙi, shi ya sa irin wannan rufi ke daɗewa muddin ana yaɓe kafin damina. A ganina wannan gida ya fi cancantar a san shi fiye da yadda aka san shi. Dajin Sumu ma a yankin yake, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006. Sa'a ɗaya ta isa a ga gidan.

A koma Bauchi kafin azahar, a cika tanki taf, a ciri tsabar kuɗi, domin sabis ɗin waya yana rawa a cikin daji kuma tura kuɗi kan maƙale. A duba tayar ajiya da jak da ruwan lagireto, don bayan an shige ƙofa babu mai faci. Hanyar ita ce ta Gombe har Dindima, sai a karya dama zuwa Mainamaji inda babbar ƙofar Yankari take, kimanin kilomita 29. Masu zuwa daga Gombe su wuce Alkaleri, su karya hagu a Dindima. Daga ƙofa zuwa Wikki akwai sauran kilomita sama da 40 a cikin daji, a tafi a hankali saboda dabba kan tsallaka ba zato. Kada magariba ta riske ku a wannan tsakanin.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Janairu zuwa Afrilu: ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, giwaye da ɓauna da gwanki da gwambaza duk sai sun gangaro kogin Gaji shan ruwa. Da damina ciyawa kan fi mutum tsawo, ruwa kuma ko'ina, dabbobin sun bazu. Tun daren Asabar a shirya da ma'aikata motar zagayen safe da ɗan rakiya, a kuma roƙi a biya ta kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse. A sa tufafi masu haske da dogon hannu, domin ƙudan tsando baƙi da shuɗi suke bi.

Birai na sansanin kuwa sun san leda, sun san hannun ƙofa. Wanda ya bar gilashin mota a buɗe ko ya fito da burodi a hannu, ya yi musu sadaka. A kulle ɗaki ko da mutum yana ciki, kada kuma yara su miƙa musu abinci, domin abin da ke sa su rashin tsoron mutane ke nan.

Bayan zagaye sai wanka a Wikki. Ruwan garau yake, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wajen da yake ɓuɓɓugowa daga gindin dutse zurfinsa ya kusa mita biyu, don haka yara da waɗanda ba su iya iyo ba su tsaya can ƙasa inda yashi ke taɓa ƙafa. A bar sansanin da ƙarfe biyu na rana, a isa Bauchi ko Gombe da sauran haske.