Abin da Ajin Baftisma Ya Koya Mini Game da Ceto da Sanin Allah

A ikilisiyarmu, kamar sauran ikilisiyoyin ECWA, ba a yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi hankali, ya furta da bakinsa cewa ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, sannan a nutsar da shi cikin ruwa. Kafin wannan rana akwai aji, kuma an daɗe da dattawan ikilisiya suka ɗora mini nauyin koyar da shi. Ni ba fasto ba ne. Malamin firamare ne, ina kuma taɓa noma kamar kowa a ƙauyenmu da ke kudancin jihar Katsina. Kakanninmu Maguzawa ne. Bishara ta iso wajenmu ta hannun 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda suka fara shigowa ƙasar nan a 1893, kuma daga aikinsu ne ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Mu jikoki ne na waɗanda suka fara karɓa, shi ya sa a cikin aji ɗaya za ka ga yaron da aka haifa a gidan masu bi zaune kusa da dattijon da bai taɓa shiga majami'a ba sai da furfura ta fito masa.

Mukan fara bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, mutane suka sami sararin zama. Kayan aikinmu ba su da yawa: Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙi, da ɗan littafin tambaya da amsa. Tsofaffinmu har yau sun fi son tsohon juyin nan na 1932, wanda Dakta Miller na Zariya da Wusasa yana cikin waɗanda suka yi wahalar aikinsa, domin da kalmominsa suka haddace ayoyi. Matasa kuwa sun fi jin sabon juyi. Nakan riƙe duka biyun.

A zaman farko ina yi wa kowa tambaya ɗaya, ni da shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba: in Allah ya kira ka a daren yau, da me za ka tsaya a gabansa? Amsoshin kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Wani ya ce ya daina shan giya. Wata ta ce ba ta fashin zumuntar mata, kuma ba ta taɓa zuwa sujada hannu wofi ba tare da baiko ba. Wani ya ce, “Malam, ina dai ƙoƙari, sauran sai yadda Allah ya yi.” Waɗannan mutane ne masu gaskiya, suna kuma iya rera waƙoƙin gicciye da ka daga farko har ƙarshe. Amma da zarar ka taɓa can cikin zuciya sai ka iske lissafi ne a wurin: ga abin da na yi, ga abin da na bari, Allah ya sa na kirkin ya rinjayi na banza.

Nan ne aikin yake. Bishara ba ta ce mutum ya tara abin kirki har ya isa a karɓe shi ba. Wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa 2:8-9 ta ce da alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, kyauta ce ta Allah, ba ladan aiki ba, don kada wani ya sami abin fahariya. Romawa 5:8 ta ƙara da cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai jira mu gyaru ba. Karanta waɗannan ayoyi ba wuya. Shigarsu zuciya ne ke ɗaukar lokaci, domin tun muna yara aka koya mana cewa wanda bai yi noma ba ba ya cin tuwo.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne zancen bashi, don babu wanda bai san zafinsa ba a ƙauye. Tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, mutum ya je ya karɓi buhun hatsi a kan zai biya da ƙari in kaka ta yi. Kaka ta zo, amfanin bai yi kyau ba, bashin bara na nan, na bana ya hau kansa. Irin wannan mutum ko ya yi kwana yana ƙwadago ba zai fita ba, sai dai wani ya zo ya biya masa. Bulus ya yi magana da wannan harshe a Kolosiyawa 2:14, inda ya ce takardar bashin da ke kanmu an soke ta, an kafe ta a jikin gicciye. Nakan tambaye su: in ɗan'uwanka ya je ya biya maka duka, aka yaga takardar a gabanka, za ka koma gobe da ɗan mudu a hannu kana cewa ka zo rage bashi? Sai a yi shiru. Daga nan mukan buɗe Luka 23, mu duba ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu. Hannuwansa a kafe suke, ba shi da sauran rana ko ɗaya da zai gyara halinsa, bai shiga aji ba, ba a yi masa baftisma ba. Ya roƙa a tuna da shi, aka ce masa yau zai kasance tare da Ubangiji a Firdausi.

Kusan kowace shekara akwai wanda zai ɗaga hannu a wannan gaɓa. Wani magidanci ya taɓa ce mini, “To Malam, in haka ne ai kowa sai ya yi abin da ya ga dama, tunda an riga an biya.” Ina jin daɗin wannan tambaya, domin tana nuna mutum ya ji maganar da kyau. An yi wa Bulus irinta, ya kuma amsa a Romawa sura 6 cewa wanda ya mutu ga zunubi ba ya ci gaba da zama a cikinsa. Amma na ga labarin Zakka, mai karɓar harajin nan na Yariko, a Luka 19, ya fi saurin shiga. Yesu ne ya fara cewa zai sauka a gidansa, tun mutumin bai mayar da ko anini ba. Bayan an karɓe shi ne ya tashi ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Karɓa ce ta zo da farko, gyara ya biyo baya. Magidancin nan ya yi ɗan tunani ya ce, “Wato ba don a so ni zan gyara ba, don an riga an so ni ne.” Ban ƙara masa komai ba.

Akwai wani gefen ceto da littattafan da muka karanta a makaranta ba su cika dogon bayani a kai ba, amma a wajenmu shi ne kan gaba: fita daga tsoro. Wanda ya girma a gidan da ake yanka wa kan gida, wato iskan da gidan ke bauta wa, ake kiran 'yan bori in yaro ya yi zazzaɓi mai tsanani, ake ɗaura laya da guru, ba laifin zunubi ne ke fara hana shi barci ba. Tsoron iskoki ne, da maita, da sammu. Wata tsohuwa ta shiga ajinmu bayan 'ya'yanta duk sun zama masu bi. Ba ta karatu, amma ba ta mantuwa. Wata rana bayan an watse ta tsaya ta ce, “Ɗana, na yarda Yesu ya gafarta mini. Amma waɗanda gidanmu ya bauta wa tun kakanni, in na juya musu baya, wa zai tsare mini jikoki?”

Ban ce mata iskoki ƙarya ne ba, domin Littafi bai ce haka ba. Na ce, “Inna, bari mu ji abin da ya faru duk lokacin da suka haɗu da Yesu.” Muka bi Bisharar Markus sannu a hankali, ina karantawa tana saurare: mai baƙin aljan a majami'ar Kafarnahum, mutumin nan na cikin kaburbura da sarƙa ba ta riƙe shi, yaron da ake jefawa cikin wuta da ruwa. Ko'ina su ne ke rawar jiki, shi ne ke ba da umarni. Muka ƙara da Kolosiyawa 1:13, cewa an fisshe mu daga mulkin duhu an kai mu mulkin Ɗansa. Wasu sun so a je a kwaso kayan tsafinta a ƙone nan take, kamar yadda mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihirinsu a Ayyukan Manzanni 19. Na roƙe su su yi haƙuri, domin mutanen Afisa da hannunsu suka kawo nasu, ba ƙwacewa aka yi ba. A ganina, in ka raba mutum da layarsa alhali tsoron na nan, gobe zai nemo wata ya ɓoye a inda ba za ka gani ba. Ba ta yi baftisma a wannan shekara ba. Shekarar da ta biyo baya ita da kanta ta ƙullo kayan a tsumma ta kawo wa fasto.

Sai batun sanin Allah, wanda na ɗauke shi zuciyar ajin gaba ɗaya. A ƙasar Hausa ba ka buƙatar ka tabbatar wa kowa cewa akwai Allah. Sunansa na bakinmu daga gaisuwar safe har sai da safe. Kakanninmu ma, duk da tsafinsu, sun san akwai Allah mahalicci, sai dai sun ɗauke shi mai nisa, wanda ba a zuwa wurinsa da ƙananan damuwoyi. Yaƙubu 2:19 ta ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Yesu kuwa a addu'arsa ta Yohanna 17:3 ya ce rai madawwami shi ne a san Allah makaɗaici na gaskiya da Yesu Almasihu wanda ya aiko. Wato ceto ba takardar shiga sama ba ce kawai da za a ajiye sai ranar mutuwa. An gafarta mana ne don a dawo da mu kusa, mu san shi tun yanzu.

Abin da ya fi yi wa mutanenmu nauyi shi ne kiran Allah Uba da sakin jiki. Ba rashin bangaskiya ba ne, tarbiyya ce. A wajenmu akwai kunya tsakanin uba da ɗa, balle ɗan fari, wanda uban ba ya ko kiran sunansa. Yaro ba ya zama ya zuba wa mahaifinsa abin da ke ransa, sai dai ya bi ta wajen uwa ko kawu. Don haka idan muka kai Luka 15, nakan tsaya a aya ta 20 in ce su kalli dattijon nan da kyau. Ɗan da ya raba gado tun uban na da rai, ya je ya lalatar, ya dawo tsirara. Uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa a guje, ya rungume shi, ya sumbace shi. Nakan tambaya: wane mai gida ne a garin nan zai tattare babbar riga ya ruga a gaban jama'a saboda irin wannan yaro? Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, “Ai ya zubar da girmansa.” Na ce, “Baba, haka ne, kuma Yesu ya ce haka Allah yake.” Ɗan ya shirya jawabin neman a ɗauke shi ɗan ƙwadago, uban bai bari ya kai wannan wurin ba, ya ce a kawo riga da zobe da takalmi.

Daga wannan darasi nakan daina yi musu addu'ar rufewa, in ce kowa ya yi da bakinsa. Da farko sukan jero kalmomin da suka saba ji daga bagade. Sai a hankali wani ya fara faɗa wa Allah zancen akuyarsa da ta ɓata, wata ta faɗi yadda take jin zafin kishiyar uwarta har yau. Idan na ji addu'a ta sauko irin wannan ƙasa, raina yakan yi fari. Waɗanda ba sa karatu nakan haɗa su da wani yaro ɗan makaranta ya riƙa karanta musu sura ɗaya da yamma, domin Yesu ya ce wa Filibus wanda ya gan shi ya ga Uban, kuma ba inda za a gan shi sarai kamar cikin Bisharu huɗu.

Masu ilimin boko su ne suka fi ba ni tunani. Suna amsa kowace tambaya daidai, har da lambar aya. Amma 1 Yohanna 4:20 ta ce wanda ya ce yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa, maƙaryaci ne. Akwai saurayin da ya fi kowa haddar ayoyi a ajinsa, amma ya yi shekaru ba ya gaisawa da ƙanen mahaifinsa saboda iyakar gona. Na kira shi gefe na ce ba ni da ikon cewa bai sami ceto ba, wannan tsakaninsa da Ubangiji ne, amma ina so ya karanta wasiƙar Yohanna ta fari duka, ya dawo ya gaya mini abin da ya gani. Ya dawo ransa a ɓace, ya ce wasiƙar ba ta bar masa wurin ɓuya ba. Zuwa gaisuwar ta yi masa wuya ƙwarai, maganar gonar ma ba ta mutu nan da nan ba, amma ya je.

Ba duka ne suka tsaya ba. Akwai waɗanda na koyar, aka yi musu baftisma muna waƙa a bakin rafi, yau ba sa tare da mu. Wasu aure ya ɗauke su, wasu neman kuɗi a birni, wasu sun koma gidan jiya. Wannan yana ci mini rai, ina kuma ambaton sunayensu a addu'a. Shi ya sa a zaman ƙarshe nake faɗa wa kowane aji ƙarara cewa ruwan ba ya ceton kowa, shaida ce ta abin da Almasihu ya riga ya yi, kuma za su yi tuntuɓe bayan sun fito daga cikinsa. In hakan ta faru kada kunya ta sa su gudu daga sujada. Mukan karanta 1 Yohanna 1:9 da 2:1 tare, cewa in mun furta zunubanmu zai gafarta, muna kuma da mai tsaya mana a gaban Uba, sannan mu duba yadda Yesu ya mai da Bitrus bakin aiki bayan ya yi musun saninsa sau uku.

Kafin ranar baftisma dattawa sukan zauna da kowane ɗan aji, su kuma nemi ra'ayina. Nakan faɗa musu abin da mutumin ya amsa a zaman farko, da abin da yake amsawa yanzu idan na sake yi masa tambayar nan. In har yanzu jerin ayyukansa yake kawowa, nakan roƙa a ba ni shi ya ƙara zama a aji na gaba, in kuma je gidansa da kaina in yi masa bayani don kada ya ɗauka an ƙi shi ne.