Michael Zorc, ɗan Dortmund da bai taɓa sauya riga ba

An haifi Michael Zorc a birnin Dortmund na ƙasar Jamus a 1962, kuma tun daga 1981 da ya fara buga gasar Bundesliga har ya yi ritaya a 1998, bai taka leda wa wata ƙungiya ba sai Borussia Dortmund. Ɗan wasan tsakiya ne, amma ya ci ƙwallaye 131 a wasanni 463 na Bundesliga, da dama daga cikinsu ta bugun fenareti, wanda da wuya ya ɓarar.

Abin da ya fi burge ni shi ne juriyarsa a shekarun wahala, domin a 1986 saura ƙiris ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, sai da ta fafata da Fortuna Köln kafin ta tsira. Zorc bai gudu ba, ya zama kyaftin, ya ɗaga kofin Jamus a 1989 da kofin Bundesliga a 1995 da 1996. A wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 1997, wanda suka doke Juventus da ci 3-1, a benci ya fara, sai dab da tashi aka sako shi. Daga baya ya riƙe muƙamin daraktan wasanni na ƙungiyar har zuwa 2022.