Daren da na ji ci kafin in gan shi a Bergamo

Ni ɗan Liverpool ne tun ina sakandare, tun daren nan na 2005 da muka cika gidan kallon unguwarmu a Kano, AC Milan ta ɗura mana uku kafin hutun rabin lokaci, muka farke su duka cikin minti shida. Na fara da wannan ne don a san cewa haushi ne ya kai ni Bergamo. Ranar 11 ga Afrilun 2024, Atalanta, ƙungiyar garin Bergamo na Italiya, ta je har Anfield, gidan Liverpool, ta ci mu uku da nema a kwata fainal na kofin Europa, a kakar da kocinmu Klopp yake bankwana. Bayan mako guda Salah ya ci fenariti a minti na 7 a gidansu, muka gyara zama muna jiran a maimaita abin da aka yi wa Barcelona a 2019. Shiru kake ji. Aka tashi ɗaya da nema, suka wuce da uku da ɗaya a jimilla.

A Turin nake karatu, saboda haka garin da ya yi mana wannan aika-aika bai fi tafiyar awa uku daga ɗakina ba. Da aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya tsakaninsu da Marseille a Faransa a karon farko na wasan kusa da na ƙarshe, ya zama komai zai ƙare a Bergamo ranar Alhamis 9 ga Mayu, sai na ce bari in je in ga waɗannan mutane da idona. Akwai kuma Ademola Lookman, ɗan Najeriya da ke buga wa Atalanta a lokacin, wanda wata uku kafin nan muka raka shi har wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan. Wani abin dariya, kocin Marseille a daren shi ne Jean-Louis Gasset, wanda Kwaddibuwa ta rabu da shi ana tsakiyar gasar, sannan ta ɗaga kofin a kanmu bayan tafiyarsa.

Tikiti dai ban samu ba. Ana sake gina ɓangaren kudu na filin a lokacin, kujerun da suka rage ba su wuce na mutum 15,000 ba, kuma a Italiya tikitin ƙwallo da sunanka yake fitowa, sai an haɗa shi da katin shaida a bakin ƙofa, ba irin wanda za ka saya a hannun wani a gefen titi ba ne. Na kira wani yayanmu ɗan Zangon Kumasi da ya fi shekara ashirin yana aiki a masana'antar narka ƙarfe a Brescia, na gaya masa. Ya ce, "Ɗan Kano, taho kawai. Wanda bai samu shiga masallaci ba ai yana bin sahu daga waje."

Na hau jirgin ƙasa mai araha daga tashar Porta Nuova da hantsi. Tsakanin Turin da Milan, wajen Vercelli da Novara, jirgin yana ratsa gonakin shinkafa, kuma a farkon Mayu an sakar musu ruwa. Fili ne shafe iya ganinka, an yanka shi murabba'i-murabba'i, kowane yanki ya zama madubi, ga duwatsun Alps da ƙanƙara a kansu suna kallon kansu a ciki. Na tuna Kura da Kadawa. Bambancin kawai a nan sai ka yi tafiyar minti goma ba ka ga mutum ɗaya a gona ba, sai tarakta da balbela. Italiya ce ta fi kowace ƙasa a Turai noman shinkafa, kuma kaso mai yawa daga wannan yanki yake fitowa. A Milan na sauya jirgi, ƙasa da awa guda sai ga mu.

Kana fitowa daga tashar Bergamo titi ne miƙaƙƙe a gabanka, mai sunan Fafaroma John na 23, wanda ɗan wani ƙauye ne na wannan lardin. A ƙarshen titin, can sama kan tudu, tsohon gari ne da hasumiyoyinsa, kamar an ɗora shi a kan tebur. Yaya yana jirana da 'yar tsohuwar motarsa. Abin da ya fara gaya min shi ne, duk wanda ya tambaye ni daga ina, in ce Turin ko Najeriya, kada in kuskura in ambaci Brescia. Tsakanin garuruwan biyu kilomita 50 ne kacal, amma gabar ƙwallon da ke tsakaninsu ta wuce wasan Kanawa da Zagezagi, don tasu babu dariya a ciki.

Mun hau tsohon garin a wani ɗan tarago da igiyar ƙarfe ke ja a kan dogo, wanda yake wannan aiki tun 1887. Bakano ba zai ga ganuwar Bergamo bai ji wani abu ba. Mahukuntan Venice ne suka fara gina ta a 1561, tsawonta ya haura kilomita biyar, da manyan ƙofofi huɗu, kuma UNESCO ta saka ta cikin kayan tarihin duniya a 2017. Dutse ne tsaf, babu inda aka fasa don a yi shago, babu inda aka ɗebi ƙasa. Mutane suna yawo a kanta da yara da karnuka. Na tsaya ina tunanin badalarmu, Yaya ya ce in bar wannan fuskar, ƙwallo muka zo gani.

Abincin rana ya ba ni dariya. Abin da mutanen nan suke alfahari da shi, wanda suke kira polenta, tuwon masara ne, ba ƙari ba ragi. A tukunya ake tuƙa shi da muciya, sai dai maimakon miyar kuka su man shanu da cuku suke zuba masa. Mun tambayi mai abincin abin da ke cikin sauran girke-girken, da muka ji da naman alade a yawancinsu sai muka tsaya a kan tuwonmu da naman kaza, wato wannan tsiron mai kama da lema, ba kazar gida ba. Ya ƙosar, amma raina yana ta biya min yaji.

Tun la'asar garin ya fara canza kala. Baƙi da shuɗi ko ta ina: a barandar gidaje, a wuyan tsofaffin mata, a jikin jarirai. Maganar jariran ba ƙari na yi ba, ƙungiyar tana da al'adar aika wa jariran da aka haifa a lardin 'yar rigarta kyauta. Garin mutum 120,000 ne ko kusa da haka, wata ƙaramar hukuma guda a cikin birnin Kano ta ninka shi. Milan da manyan ƙungiyoyinta biyu tana nan kusa, amma ban ga yaro ko ɗaya da rigar Inter ko ta AC Milan ba. Ni kuwa na bar jar rigata a Turin, don na san inda za ni. Yaya ya saya min gyalen wuya na Atalanta a gefen titi, ya ce in rataya don a bar mu mu zauna lafiya.

Rana ba ta faɗi ba sai bayan takwas da rabi, wasa kuma ƙarfe tara. Mun yi magariba a ɗakin ajiya na wani mai sayar da kebab ɗan Pakistan, a tsakanin buhunan albasa, sannan muka yi sauri zuwa wajen filin. Filin a cikin unguwa yake, gidajen mutane kewaye da shi, har wasu daga tagarsu suna hango fitilun. Muka samu wani shagon shan kofi da bai fi tafiyar minti uku daga bangon filin ba, cike maƙil da waɗanda suka rasa tikiti irinmu. Wani dattijo mai farin gashi ya matsa mana a kan benci. Da ya ji daga Najeriya nake, kalma ɗaya ya ce, Lookman, ya buga ƙirjinsa.

A nan na gano abin da ban taɓa sani ba duk shekarun da na yi ina kallon ƙwallo: talabijin a baya take. Hoton yana zuwa ne bayan 'yan daƙiƙoƙi. A minti na 30, a allonmu Lookman yana gefen hagu, bai ma gama yanke shawarar abin da zai yi da ƙwallon ba, sai wata irin tsawa ta taso daga waje, gilashin tagogi ya yi rawa. Mutanen shagon suka miƙe suna ihu suna rungumar juna, mu kuma baƙi muna kallon ɗan wasan yana shigowa ciki, ya buga, ƙwallon ta goge jikin ɗan baya ta shige raga. An riga an gama murnar kafin a ci. Daga nan na daina dogara da idona. Duk lokacin da Aubameyang na Marseille ya karɓi ƙwallo a allo sai in kasa kunne waje, in na ji ana ci gaba da waƙa na san babu abin da ya faru.

Da aka tafi hutu dattijon ya buɗe baki, Yaya yana fassara min inda yaren garin ya fi ƙarfin Italiyancina. Ya ce yana cikin wannan filin a 1988, lokacin da Atalanta, tana rukuni na biyu a gasar ƙasar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a wani kofin Turai, Mechelen ta Beljiyam ta fitar da su. Shekara 36 kenan yana jiran irin wannan dare. Har zuwa wannan dare, kofi ɗaya tak mai daraja ƙungiyar ta taɓa ci tun da aka kafa ta a 1907, kofin Italiya na 1963. Sannan ya ambaci Fabrairun 2020, da garin kusan kaf ya tafi filin San Siro a Milan ya ga an ci Valencia huɗu da ɗaya a zagayen 'yan 16 na gasar Zakarun Turai. Bayan wata guda duniya ta ga motocin soja a jere suna fitar da gawarwaki daga Bergamo saboda korona. Ya nuna kujeru biyu a kusa da ƙofa, ya ce masu su ba su kai ƙarshen wannan shekarar ba. Bai ƙara komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ni da na zo da haushin Anfield sai na ji kunyar abin da ya kawo ni.

Ƙarfe goma na dare babbar ƙararrawar tsohon garin takan buga sau ɗari, al'adar da ta samo asali tun lokacin da ake rufe ƙofofin ganuwa. Na so in ji ta, amma wa zai ji ƙararrawa a wannan dare? A minti na 52 tsawar ta sake zuwa, ta fi ta farko. Matteo Ruggeri ne, ya yi ba-ni-in-ba-ka da Lookman ya narka ta a saman raga. Dattijon ya riƙe hannuna yana cewa wannan namu ne, ɗan lardin nan ne, a makarantar ƙungiyar da ke Zingonia ya tashi. Na lura sun ji daɗin wannan ci fiye da na Lookman, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da ya sa nake ganin wasan sili-ɗaya-ƙwale ya fi gasar lig daɗi shi ne, a lig, mai kuɗi yana da wasa 38 da zai gyara kuskurensa. A nan dare biyu ne kawai, gida da waje, tun 2021 ma UEFA ta soke ƙa'idar fifita cin waje, ba sauran lissafi sai wanda ya fi zura ƙwallo. Kuma salon koci Gasperini, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 2016 zuwa 2025, kamar don irin wannan dare aka ƙera shi: kowane ɗan wasa ya kama mutum ɗaya ya bi shi duk inda ya sa ƙafa, ko da zai kai shi gidansu. Ba za ka iya yin haka wata tara ba tare da numfashi ya ƙare ba, amma minti 90 yana yiwuwa. Haka suka shaƙe mu a Anfield, haka kuma na ga Marseille ta rasa inda za ta sa kanta. Ana dab da tashi El Bilal Touré ɗan Mali ya ƙara na uku.

Kafin mu fita sai labari ya zo daga Jamus, inda ake ɗaya wasan kusa da na ƙarshen. Roma ta ci Leverkusen biyu da fenariti, amma aka farke ɗaya, sannan Stanišić ya farke na biyun a cikin ƙarin lokaci. Wasa 49 kenan a jere ba a ci Leverkusen ta koci Xabi Alonso ba. Su za a haɗu da su a wasan ƙarshe a Dublin, da Victor Boniface da Nathan Tella a cikinsu. Yaya ya ce ko ta ina kofin ya faɗi, ɗan Najeriya zai taɓa shi, shi dai ɗan Gana ba ruwansa.

Titunan suka cika da hayaƙi mai launi da ƙarar hon. Mun yi kusan awa guda kafin mota ta fita daga gari. Jirgin komawa Turin ya riga ya wuce, sai muka kama babbar hanya zuwa Brescia. Muna dab da shiga garin Yaya ya rage gudu, ya miƙo hannu ya zare gyalen daga wuyana ya cusa shi ƙarƙashin kujera. Ya ce yana da maƙwabta.

Dublin ba ta yiwu ba. Ailan ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, takardar zamana ta Italiya ba ta shigar da ni, neman biza kuma ba abin kwana goma sha uku ba ne. Ranar 22 ga Mayu a ɗakina na kalla ta intanet, ni kaɗai, da gyalen a kan tebur. Lookman ya ci a minti na 12, ya ƙara a na 26. Can a zagaye na biyu ƙanina ya kira ni daga gidan kallon nan na unguwarmu, wai in ji yadda ake, yana ta tambayata ko da gaske na shiga filin a Bergamo. Ina cikin kame-kamen amsa sai wayar ta cika da ihu, benci yana faɗuwa, wani yana kiran sunan Lookman kamar zai fasa maƙogwaro. Na ɗaga kai na kalli allona. Minti na 75 ne, ƙwallon tana tsakiyar fili a ƙafar Scamacca na Atalanta, bai ma miƙa masa ita ba tukuna.