Babban yatsa da na'urar ɗura harsashi: abin da aikin ma'ajiyar makamai ya koya mini

Wanda bai taɓa aiki a ma'ajiyar makamai ba, in aka ce masa cika gidan harsashi, wato ɗan akwatin da ake jera harsasai a ciki a maƙala wa bindiga, aiki ne mai cin rai, zai ɗauka ƙyuya ce kawai. Harsasan farko suna shiga salin-alin, wahalar tana can ƙarshe. A cikin gidan akwai sifirin, shi kuwa sifirin gwargwadon yadda ka danne shi, gwargwadon yadda yake turo ka. Gidan harsashin fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, ƙirar Glock 17 yana cin guda 17. Kafin ka kai na 15 sifirin ya kusa naɗewa gaba ɗaya, biyun ƙarshe kuwa, in gidan sabo ne fil, sai an haɗa da cije leɓe. Cika gida ɗaya ba komai ba ne. Amma ranar da ɗalibai za su fita filin harbi mu ne ke cika gidaje tun sanyin safiya, kuma kafin azahar gefen babban yatsa ya yi bororo ko ya tsage.

Sai da na daɗe a aikin na gane cewa taurin ba na sifirin kaɗai ba ne, ƙirar bakin gidan tana da nata kaso. Gidan AK-47 mai cin 30 yana jera harsasai layi biyu har zuwa baki, bakin kuma a buɗe yake. Ka ɗora harsashi ka danna ƙasa, sai ya shige ƙarƙashin leɓen dama ko na hagu, shi ke nan. Gidan fistol ba haka yake ba. A ciki layi biyu ne, amma yana tsukewa ya koma layi ɗaya a baki. Dole ka danne harsashin da ke sama tukuna, sannan ka zura sabon ta gaba, ka tura shi baya ƙarƙashin leɓuna biyu. Motsi biyu ke nan da yatsa ɗaya, daidai lokacin da sifirin ya fi ƙarfi. Shi ya sa za ka ga ƙato ya cika gidan AK yana hira, amma gidan fistol mai rabin wannan adadi ya sa shi gumi.

Matsalar tsohuwa ce. Bindigar Sten da Ingila ta ƙera a yaƙin duniya na biyu tana da gida mai cin 32 wanda ke tsukewa a baki kamar na fistol, kuma taurinsa ya kai sai da aka riƙa bai wa soja ɗan ƙarfen ɗura harsashi tare da ita. Da aka zo ƙera Sterling wadda ta gaje ta, sai aka buɗe bakin gidan ya zama layi biyu, aka huta da ƙarfen. Wato maƙeran da kansu sun yarda akwai gidan da ya fi ƙarfin yatsa.

Ina kawo wannan ne saboda akwai wata ƙasaita da na tarar a wurin aiki, wadda ban yarda da ita ba. Wasu daga cikin manyanmu suna ganin amfani da na'ura raini ne ga aikin, wai namiji da yatsansa yake ɗurawa. Alhali tsohuwar bindiga Mak 4 da suke yabo, wadda 'yan sandan ƙasar nan suka daɗe suna ratayawa, harsasanta 10 da siraran ƙarafa biyu masu ɗauke da biyar-biyar ake tura su ta sama. Sojan Amurka ana ba shi harsasan bindigar M16 a jere goma-goma bisa siririn ƙarfe, da wani ɗan maƙali da ake sa wa bakin gidan a tura goman lokaci guda. Kamfanin Glock ma yana saka 'yar na'urar ɗura harsashi ta roba a cikin akwatin bindigar. Babu wanda ya ce waɗannan duk ragwaye ne.

Na'urar da na fi jin daɗin aiki da ita UpLULA ce, ta kamfanin Maglula na Isra'ila, mai karɓar gidajen fistol daga masu kaurin harsashi 9mm har .45. Ka sa ta a kan gidan, ka kafa gindinsa a tebur, ka matse ka danna ƙasa. Wani harshen ƙarfe ne ke danne na sama, kai kuma ka jefa sabo ka saki. Ƙarfin daga tafin hannu da kafaɗa yake fitowa. Na ga amfaninta a kan ɗalibai mata masu ƙananan hannuwa, da wani dattijon saje da sanyin ƙashi ya kama wa yatsu. Na kuma lura ɗalibin da ya gama kokawa da gidaje yakan zo layin harbi hannunsa na rawa, a ce bai iya saiti ba, alhali gajiya ce.

Sai dai akwai inda nake taka burki, kuma nan ne darasin da ya fi zama mini. Yatsa yana ji, na'ura ba ta ji. Taurin sabon sifirin yana ƙaruwa ne sannu a hankali, daidai wa daida. Taurin da ya zo kwatsam a harsashi na shida ko na bakwai wani abu ne daban: ko gidan ya faɗi ya lotsa, ko tsatsa ta kama cikinsa, ko ɗan dandamalin da harsasai ke zama a kai ya karkace, ko kuma an cakuɗa harsashin da ba nasa ba. Mafi yawa a wurinmu ƙura ce. Wani zai ɗiga mai a cikin gida da niyyar taimako, hunturu ya zo, man ya haɗu da ƙura ya zama kwaɓa. Da yatsa za ka ji wannan nan take ka tsaya. Da na'ura kuwa ƙarfinka ya ninka, sai ka danne matsalar ka wuce, kamar mai shan maganin ciwon kai ya rufe zazzaɓi. Gidan zai cika, amma a filin harbi zai cije, ko leɓunansa su buɗe su daina riƙe harsashi daidai. Leɓe in ya lalace, gidan ya gama aiki.

Saboda haka duk gidan da ya dawo daga fili, cikawar farko da hannu nake yi. In ya tafi sumul, sauran aikin na na'ura ne. In ya cije kafin ƙarshe, a kwance shi a goge da busasshen tsumma, a duba sifirin. Ɗalibi kuma ba ya taɓa na'ura sai ya iya ɗurawa da hannu, domin ba kullum za ta kasance a aljihunsa ba.

Haka nan ba kowane gida ne sai an cika shi maƙil ba. Sojojin Amurka a Biyetnam sun saba zuba 18 a gida mai cin 20, kuma cikakken gida yakan ƙi zama daram a bindigar da ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututunta yake rufe, don babu sauran wurin da sifirin zai lotsa. Sabon gida mai tauri yakan yi laushi bayan an cika an juye shi sau da dama, domin yawan danna da saki ne ke gajiyar da sifirin, ba zama a cike ba.

Kowane gida a wurinmu yanzu yana da lamba da fenti a gindinsa. Wanda ya cije sau biyu ana rubuta lambarsa a littafi, a ware shi gefe har sai an duba. Kuma wanda ya gama ɗurawa, da hannu ko da na'ura, sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, saboda dalmar da ke jikin harsashi.