Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Azumin da Aka Tuna da Mu

Makon jiya na tsaya a ranar da Yaya ya dawo daga neman takarda a garin Sinnar na Sudan karo na uku hannu rabbana, ya jingina kekensa da katanga bai ce wa kowa uffan ba. Wanda aka haifa a Kano ko Damagaram zai yi mamakin wace irin takarda ce wannan da za ta hana saurayi ɗan shekara 23 cin tuwo. Sai na yi bayaninta tukuna, don in ba a san ta ba, ba za a gane abin da ya same mu a azumin 1997 ba.

Sunanta jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasar Sudan. A lokacin in babu ita babu fasfo, babu aikin gwamnati, kuma duk inda ka je sai an tambaye ka ita. Iri biyu ce: akwai ta haihuwa, akwai ta wanda aka ba shi daga baya. Dokar 1957 ta ce kafin a ɗauke ka ɗan ƙasa na haihuwa sai an tabbatar kakanninka na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mu kuwa kakanmu ya baro ƙasar Haɗejiya ne da ƙafa bayan wannan da shekaru masu yawa, da niyyar aikin hajji. Ya bi ta Maiduguri, ya tsallaka Chadi ta Abeche, ya shigo ta Jinena da Fashir da Ubayyid, yana noma a nan, yana ɗinki a can, har ya iso gandun audugar Jazira da Turawan Ingila suka buɗe a 1925 bayan gama madatsar ruwa ta Sinnar. A nan ya tsinci auduga ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Ya sauke farali, ya dawo, guzurin komawa gida bai samu ba, ya yi aure a bakin kogin Nilu, shi ke nan. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife mu. An sassauta dokar daga baya, ta 1994 ma har ta rage shekarun da baƙo zai zauna kafin ya nemi zama ɗan ƙasa daga goma zuwa biyar. Amma abin da ke rubuce daban, abin da ake yi maka a bakin taga daban. Da zarar ka faɗi ƙabilarka, sai a ce kawo shaidu, ka kawo a ce waɗannan ba su isa ba, koma ka dawo bayan wata.

Fallata suke kiranmu, mu da Fulani da Barebari duka, wani lokaci kuma Takari. Sunan ba zagi ba ne a asalinsa, amma bakin da ke faɗarsa kan mai da shi zagi. Ina aji huɗu wani yaro ya ce mini in koma garinmu, na zo gida ina kuka na tambayi Inna ina ne garinmu. Ta nuna mini ƙasan da take tsugune a kai tana toya kisra, wainar dawa ta Sudan.

Juyin mulkin 30 ga Yunin 1989 ya kawo Umar al-Bashir, da Hasan Turabi, jagoran 'yan siyasar Musulunci, a bayan fage. A ƙarshen wannan shekara aka kafa rundunar sa-kai da ake kira Difa'ush Sha'abi, kuma yaƙin da ake yi da 'yan tawayen John Garang a kudu tun 1983 aka sake masa suna ya koma jihadi. Mu yara a talabijin muka fara ganinsa. Akwai guda ɗaya a kulob ɗin samarin ƙauyenmu, da batirin mota ake kunna ta, kuma daren da ake nuna shirin Fi Sahatil Fida ba ka samun wurin aje ƙafa. Samari da jan ƙyalle ɗaure a goshi, suna ratsa ciyawar da ta fi su tsawo, suna kabbara. Ana ba da labarin gawar da ke ƙanshin almiski, da birai da ke shiga gaban mayaƙa suna tayar da nakiyoyi. Wanda ya mutu ba a yi masa zaman makoki, sai a je gidansu da kiɗa da alewa a yi abin da suke kira ursush shahid, bikin auren shahidi da matan aljanna. A makaranta kowace safiya muna rera taken nan nasu da ke cewa don Allah ake yi, ba don mulki ko daraja ba. Duk wannan muna gani, amma kamar bikin maƙwabta ne, ba a aiko mana da goro ba.

Sai Janairun 1997. Azumi bai wuce kwana uku ba muka ji Kurmuk da Ƙaisan sun faɗa hannun 'yan tawaye. Garuruwa ne a kan iyakar Habasha, a kudu da mu, kuma daga can hanya ta miƙe zuwa Damazin da madatsar Rusairis wadda Khartum ta dogara da wutarta. Gwamnati ta ce Habasha ce da Iritiriya suka kawo hari, aka yi shelar kowa ya fito, aka rufe jami'a don ɗalibai su tafi fagen fama. Dare da rana manyan motoci na wucewa ta kan titin da ke bayan gonakinmu, sun nufi kudu. Baba yana kasa kunne ga Rediyon Umdurman, in an jima ya murɗa ya kamo Sashen Hausa na BBC, ya haɗa biyun ya auna.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar motoci uku suka shigo ƙauyenmu da lasifika. Ba a taɓa yi ba. Suka sauke buhunan sukari da dabino a ƙofar masallaci, suka ce tare da mu za su sha ruwa. Bayan tarawihi aka shimfiɗa tabarmi, aka kunna janareto, manya a gaba, mu samari a baya, mata a can gefen katanga cikin duhu. Biyu suka yi magana da Larabci, irin wadda muka saba ji. Na ukun, wani dogo mai farin rawani, da ya karɓi lasifikar sai ya yi sallama ya ce, "Iyayena da 'yan'uwana, barkanku da shan ruwa."

Da Hausa. Hausa tsantsa, irin ta tsofaffinmu.

Wurin ya yi tsit. Shekarata 17 a duniya, ban taɓa jin harshen gidanmu ya fito daga lasifikar hukuma ba. Harshen da muke rage murya in za mu yi shi a cikin motar haya. Tsigar jikina ta tashi tun kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ya san inda zai taɓa. Ya fara da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ya zo kan Sarkin Musulmi Attahiru da ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya yi gabas da jama'arsa har aka kashe shi a Burmi a 1903. Ya kawo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da ya ƙarasa da sauran jama'a har bakin wannan kogi ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa, wanda kowa a cikinmu ya taɓa cin kasuwarsa. Ya ce mutanen da suka taka ƙasa tun daga Sakkwato don addini ba za a koya musu jihadi ba, su ne malaman kowa a wannan fanni. Ya ce hannunmu ne ya tsinci audugar da ta ciyar da Sudan, guminmu ne ya haƙa magudanan Jazira. A nan na ga wani tsoho maƙwabcinmu yana share hawaye da bakin rawaninsa. Shekara hamsin yana jiran wani mai muƙami ya faɗi wannan magana a bainar jama'a.

Sannan ya rage murya ya zo kan abin da ya kawo shi. Ya ce ya san ana wahalar da mu a kan takarda, shi ma an wahalar da mahaifinsa. Ya ce amma wanda ya sa hannu ya kare ƙasa, wa zai sake buɗe baki ya tambaye shi daga ina kakansa ya fito? Bai ce ga jinsiyya ga bindiga ba, ko sau ɗaya bai haɗa su a jimla guda ba. Ya ajiye su kusa da juna ne kawai, ya bar mu muka haɗa da kanmu.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina, kuma abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne kusan duk abin da mutumin nan ya faɗa game da mu gaskiya ne. Da ƙarya ya zo da ita da tsofaffinmu sun gane, don ba yara ba ne. Gaskiyarmu ya ɗauko, wadda aka hana mu ji shekara da shekaru, ya kawo mana ita a daren da ake neman samari. Kuma ko kalma ɗaya bai ce ba game da mutanen da za a tura mu mu harba. Da yawa daga mutanen yankin Kurmuk da duwatsun Ingasana Musulmi ne, manoman dawa da riɗi kamarmu, wasunsu ma tare muke tsintar auduga da su a lokacin kaka. A bakinsa ba su da fuska, ba su da suna.

Da muka koma gida Baba ya zauna a kan buzunsa bai kunna rediyo ba. Yaya ya durƙusa a gefensa.

"Baba, ina so in ba da sunana."

Baba ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Shekara nawa muna nan ba su san hanyar ƙauyen nan ba sai yau?"

"Na sani, Baba. Amma sau uku ina zuwa ana koro ni. Kai ma haka ka yi ta fama har ka gaji. In ban karya wannan abu ba, su ma waɗannan haka za su taso." Ya nuna ni da ƙanenmu da ke barci.

"Kakanka bai zo ƙasar nan don ya zub da jinin kowa ba. Ɗakin Allah ya nufa."

"To Baba, sai yaushe za mu daina zama baƙi?"

Baba bai amsa ba. Ban taɓa ganin an yi masa tambaya ya rasa amsa ba sai ranar. Can ya ce, "Je ka kwanta, sahur ya kusa."

Ni kuwa a daren nan da za a ba ni bindiga da na karɓa da hannu biyu. Washegari na bi layi a ƙofar masallaci, mai rubuta suna ya dube ni ya ce in bari sai na gama sakandare, lokacina na zuwa. Bai yi ƙarya ba, don a shekarar ce aka fara tura waɗanda suka gama jarrabawa sansanin horo kafin su wuce jami'a, amma wannan labarin wani mako ne. Samari goma sha ɗaya suka ba da suna daga ƙauyenmu. Yaya ne na huɗu a layi.

Kwana tara bayan haka aka aiko wa Baba ya je Sinnar da hotuna. Ofishin da ya kori Yaya sau uku, tagar nan dai, har mutumin da ke bayanta bai canja ba. Ba a nemi shaidu ba. Kafin azahar Baba ya fito da takardarsa da ta Yaya. Ya dawo gida ya buɗe tsohuwar akwatin ƙarfe ta kakanmu, inda ake ajiye carbinsa da ɗan guntun haraminsa, ya sa takardun a ciki ya rufe. Maƙwabta suka shigo yi masa barka, yana amsawa da ka. Da suka watse na ji ya ce wa Inna a hankali, "Tun ina saurayi nake nemanta, yau ga ta, amma ban san da me na biya ba."

Matan ƙauye aka tara su haɗa abin da ake kira zadul mujahid, guzurin mayaƙa. Kwana biyu ana soya gyaɗa, ana shanya kisra, ana ɗaure dabino a ƙyalle. Inna ta yi aikin tare da su, ba wanda ya ga hawayenta. Yaya ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe alkunyar mutanen da yadda ta gada. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In za ta aike ni wurinsa sai ta ce, "Kai wa wancan."

Saura kwana biyar salla motar ta zo, da hantsi, ana sanyin nan na bakin kogi. An sa musu jan ƙyalle a goshi kamar na talabijin, lasifika na ta kabbara, yara na bin motar da gudu. Baba ya dafa kan Yaya ya yi masa addu'a, ya juya ya shige masallaci tun motar ba ta tashi ba. Inna ba ta fito ba. Ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wani ƙunshi daban da na jama'a, kulikuli ne da ta kwana tana yi, da laya da kakanmu ya bari. Ta ce, "Kai wa wancan. Ka ce kada ya cire."

Na kai masa har ya hau. Ya sunkuyo ya karɓa, ya ce in kula da karatu, in kuma riƙa duba masa keken kada ya yi tsatsa.

A daren nan na farka kafin sahur na ji motsi a tsakar gida. Inna ce a kan tabarmar salla, goshinta a ƙasa, tana kiran sunansa, cikakken sunansa na yanka, tana maimaitawa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo muku wasiƙar da ta zo mana daga Damazin bayan salla.